Kiwon Hatsari Cikin Kwamfuta Domin Tsaron Jiragen Sama

Da almuru, ran 12 ga watan Nuwamba na shekarar 1996, wani jirgin saman Saudiyya ƙirar Boeing 747 ya tashi daga birnin Delhi na ƙasar Indiya ya nufi Dhahran, yawancin fasinjojinsa ma'aikata ne masu zuwa neman abinci ƙasar Larabawa. A daidai wannan lokaci wani jirgin ƙasar Kazakistan yana gangarowa zai sauka Delhi, kuma hanya ɗaya suke bi. Jami'in kula da zirga-zirgar jirage ya umarci na Saudiyya ya tsaya a matakin ƙafa 14,000, na Kazakistan kuma a ƙafa 15,000. Na Kazakistan bai tsaya inda aka ce ba, ya ci gaba da gangarowa. Na'urar radar da ke gaban jami'in tana nuna masa inda kowane jirgi yake, amma ba ta nuna bisansa daga ƙasa, kuma babu ɗaya daga cikin jiragen biyu da ke ɗauke da na'urar gargaɗin karo. Suka yi taho-mu-gama a sararin garin Charkhi Dadri, mutum 349 suka rasu, ba wanda ya tsira.

Ƙa'idar da ake bi a yawancin sararin da radar ke gani ita ce kada jirage biyu su kusanci juna ƙasa da mil 5 na teku, watau kilomita 9 da 'yan kai, sai fa in akwai ratar ƙafa 1,000 tsakaninsu sama da ƙasa. In aka rasa duka biyu, an keta tazara ke nan, ko da jiragen ba su taɓa juna ba. Ga mai tafiya a ƙafa kilomita 9 tafiya ce. Amma jirage biyu masu fuskantar juna, kowanne yana gudun kilomita 850 a awa, cikin daƙiƙa 20 za su cinye ta.

Saboda ƙurewar lokaci irin wannan ne aka kafa wa jirage masu gadi hawa-hawa. Akwai na'urar da ke duba wa jami'i abin da zai faru nan da minti 20, ta gaya masa cewa jirgi kaza da jirgi kaza za su haɗu a wuri kaza in ba a sauya wa ɗaya hanya ba. Akwai wata mai yin ƙararrawa in saura kamar minti 2. Sa'an nan a cikin jirgin kansa akwai na'urar da ake kira TCAS, wadda ke magana da matuƙi kai tsaye in saura rabin minti ko ƙasa da haka, ta ce wa wannan ya hau, wancan ya sauka. Dukansu ukun nan, abin da ke tafiyar da su shi ne manhaja, watau dogon jerin umarni da mutane suka rubuta wa kwamfuta. Abin da ɗan Adam ya rubuta kuwa ba ya rasa kuskure. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, to, da me za a gwada mai gadin da aikinsa hango karo ne?

Ba wanda zai tura jirage biyu cike da mutane su fuskanci juna don a ga ko na'ura za ta yi ihu. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a ɗauko bayanan da radar ta naɗa na wani yini da ya wuce, a sake kunna wa manhajar su kamar yadda ake sake kunna faifai, a ga abin da za ta ce. A nan ne masu gwaji suka ci karo da wata matsala mai ban dariya in ba don nauyin al'amarin ba: bayanan yini na gaskiya kusan babu keta tazara a cikinsu, domin jami'ai sun riga sun raba jiragen tun kafin su kusanci juna. Ƙwazon jami'in shi ya shafe abin da mai gwaji ke nema. Ana iya kunna wa manhaja zirga-zirgar mako guda ta yi shiru, kuma ba a san ko shirun nata na lafiya ne ko na makanta ba.

Wata hanya kuma ita ce injiniya ya zauna ya tsara jiragen ƙarya da hannunsa, ya sa wannan ya fito daga gabas, wancan daga arewa, su haɗu. Ana yin haka, yana kuma da amfani. Aibinsa biyu ne. Jirgin da aka zana a takarda yana tafiya sak kamar an ja zare, alhali jirgi na gaskiya iska na ture shi, matuƙi na jinkirin juyawa, radar kuma na ɗan kuskuren awo. Na biyu, injiniya ba zai rubuta hatsarin da bai taɓa zuwa masa a rai ba, kuma mai yiwuwa ne irin tunanin da ya gina manhajar shi ne zai tsara mata jarrabawa.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka tana da wata cibiyar gwaje-gwaje kusa da Atlantic City a jihar New Jersey, kuma a can ne wannan tambaya ta zama ta gaggawa wajen shekarar 2000. Ana shirin baza wata na'urar hangen minti 20 mai suna URET, wadda cibiyar bincike ta MITRE ta ƙirƙira, aka fara gwada ta a cibiyoyin kula da jirage na Indianapolis da Memphis. Kafin hukuma ta karɓe ta daga hannun kamfanin da aka ba kwangila, dole a auna sau nawa take kasa hango keta tazara ko take yin ihu bayan hari, da kuma sau nawa take kururuwar ƙarya. Na biyun ma ba ƙaramin laifi ba ne, gama jami'in da na'ura ta saba tsorata shi a banza, wata rana zai yi kunnen ƙashi da gargaɗi na gaskiya.

Dabarar da masu gwajin suka bi mai sauƙin faɗa ce. A bar kowane jirgi a kan hanyarsa ta gaskiya, da duk karkace-karkacenta, amma a gusar da lokacinsa. Wannan a gabato da shi minti 3, wancan minti 7, wancan daƙiƙa 40. Jirage biyu da suka ratsa mararraba guda da ratar minti 5 a ranar gaskiya, yanzu sai su iso tare. Tun da babu jami'i a cikin kwamfutar da zai raba su, sai tazara ta ketu, kuma mai gwaji ya san daidai wurin da ta ketu da lokacin, domin shi ke riƙe da hanyoyin duka. Ya sami jarrabawa wadda yake da amsarta a aljihu.

Sai dai gusar da lokaci barkatai ba ya ba da abin da ake so. Jarrabawa ta ƙwarai tana bukatar kowane irin haɗuwa gwargwadon yadda aka ƙayyade: masu fuskantar juna kaza, masu gittawa kaza, masu bin bayan juna kaza, waɗanda duka biyu ke tafiya a mataki ɗaya, da waɗanda ɗaya ke hawa ko sauka, da waɗanda suka wuce juna da gashin ido, da waɗanda suka kusa keta tazara amma ba su keta ba. Masu hawa da sauka sun fi wuyar hasashe, tun da na'urar ƙasa ba ta san ainihin nauyin jirgi ba, nauyi kuwa shi ke yanke saurin hawa. In jarrabawa ta cika da masu sauƙi, manhaja za ta ci maki na banza. Matsalar ita ce jiragen a ɗaure suke da juna: in aka gusar da guda ɗaya don a sami gittawa a arewa, sai a ɓata haɗuwa biyu da aka riga aka samu a kudu.

A ɗauka jirage 10 ne kawai, kowanne kuma yana da lokaci iri 60 da za a iya ba shi. Yawan jadawalin da za a iya haɗawa shi ne 60 sau 60 har sau goma. Kwamfutar da ke duba jadawali miliyan guda a kowace daƙiƙa za ta yi fiye da shekara 19,000 kafin ta gama. Ga shi kuwa cibiya guda takan ga jirage ɗaruruwa, har fiye da dubu, cikin 'yan awoyi. Neman jadawali mai kyau ta hanyar kintace allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, kuma ba a shirya jarrabawar tsaron rai bisa rabo.

Maganin ya fito ne daga wani fanni daban. A shekarar 1975 wani shaihun malami na Jami'ar Michigan mai suna John Holland ya wallafa littafi inda ya bayyana yadda za a sa kwamfuta ta nemi amsa ta hanyar kwaikwayon gado da zaɓen iri. Tun kafin nan, cikin shekarun 1960, Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel sun yi wani aiki mai kama da wannan a Berlin, suna neman siffar da iska ko ruwa zai fi bi salin-alin. Duk manomin da ya taɓa ware zangarniya mafi kauri da kaka ya ajiye don shukar baɗi ya san tushen abin. Bai san abin da ke cikin ƙwayar ba, bai kuma bukaci sani ba. Ya dai san mai kyau in ya gan ta, ya kuma san 'ya'ya sukan ɗauko iyaye. Shekara bisa shekara gonarsa na gyaruwa.

Ga yadda ake juya wannan zuwa aikin jirage. Kowane jadawali ana rubuta shi a matsayin jerin lambobi, lamba ɗaya ga kowane jirgi, tana faɗin yawan lokacin da aka gusar da shi. Wannan jeri shi ne zaren gadon jadawalin. Da farko kwamfuta takan haɗa garke guda na irin waɗannan jeri ta hanyar ƙuri'a, ba tare da wata hikima ba. Sa'an nan ta tafiyar da jiragen kowane jadawali, ta ƙidaya haɗuwar da aka samu iri-iri, ta ba shi maki gwargwadon kusancinsa da abin da aka ƙayyade. A zubin farko kusan duk garken ramammu ne, amma wani ya fi wani.

Daga nan sai barbara. Ana zaɓo jadawali biyu, masu maki da yawa sun fi samun damar zaɓuwa, ko da yake ba a rufe wa masu rauni ƙofa gaba ɗaya, domin wani ramamme yana iya ɗauke da gaɓa guda mai kyau da babu ita a sauran. A yanka zarensu a wani wuri, a haɗa gaban wannan da bayan wancan, a sami 'ya'ya. In uba ya dace da lokutan jiragen safe, uwa kuma ta dace da na hantsi, akwai fatan wani ɗa ya gaji duka biyu. Bayan haka akan taɓa lamba ɗaya ko biyu a sauya ta ba zato ba tsammani. Wannan ɗan sauyi yana da muhimmanci ƙwarai, gama in babu shi, garke zai koma kama ɗaya bayan 'yan zubi, kamar dabbobin da suka daɗe suna barbara a junansu, ci gaba ya tsaya. Galibi kuma akan tsallakar da mafi kyawun kowane zubi zuwa na gaba ba tare da an taɓa shi ba, kada a yi asarar abin da aka samu. Sai a sake awo, a sake zaɓe, a sake barbara, sau ɗaruruwa ko dubbai, har a sami jadawalin da ya cika sharuɗɗa.

Abin lura shi ne kwamfutar ba ta san kome game da jirgi ba. Ba ta san dalilin da ya sa gusar da jirgi na arba'in da minti 4 ya ƙara maki ba. Ma'aunin da mutum ya rubuta mata shi kaɗai take bi.

A shekarar 2002 Robert Oaks da Mike Paglione, masu aiki a wannan cibiya ta New Jersey, suka gabatar wa taron injiniyoyi sakamakon da ya nuna cewa dabarar tana aiki: daga bayanan radar na gaskiya ana iya kiwon jadawalin gwaji mai ɗauke da haɗuwa iri-iri daidai gwargwadon da aka nema. URET ta kai ga dukan cibiyoyi 20 masu kula da manyan hanyoyin saman Amurka a shekarar 2006, daga baya kuma aka shigar da aikinta cikin babban tsarin ERAM da aka gama kafawa a 2015.

Akwai iyaka ga gusar da lokaci, kuma masu gwaji sun san da ita. Jirgin da aka naɗa yana juyawa hagu don kauce wa wani, in an gusar da shi, zai yi juyin nan a sarari fayau ba kowa kusa da shi. Iska ma tana sauyawa da awoyi, saboda haka ba a gusar da jirgi da nisa ainun, don kada a raba shi da iskar da ta tura shi.

Ba a daɗe ba wasu suka ga cewa in ana iya kiwon jadawali don ya yi kama da gaskiya, ana iya kiwonsa don ya yi mugunta. A Canberra ta ƙasar Ostareliya, wajen shekarar 2007, Sameer Alam da Hussein Abbass da abokan aikinsu suka juya ma'aunin: jadawalin da ya fi sa manhajar hango karo ta yi kuskure, shi ke cin maki mafi yawa. Watau an sa garken ya riƙa farautar raunin manhajar, kowane zubi ya fi na baya iya ruɗa ta. A Jami'ar York ta Ingila, wajen 2016, Xueyi Zou da Rob Alexander da John McDermid suka yi irin wannan ga manhajar kauce wa karo ta jirage marasa matuƙi, wadda suka gina bisa sabon tsarin nan na ACAS X. Mai karatu zai zaci taho-mu-gama ne zai fi ba ta wuya. Abin da kiwon ya tono shi ne haɗuwa ta baya, inda jirgi ɗaya ke gangarowa, ɗaya kuma ke hawa yana cim masa sannu a hankali daga wutsiya. Na'urar da ke auna hatsari da yawan daƙiƙun da suka rage ba ta cika tsorata da mai tahowa a hankali ba, har sai ya iso.

Wannan hanya ta biyu ita ce ta fi ban sha'awa, ita ce kuma ta fi bukatar hattara. Kwamfuta ba ta da kunya. In aka ce ta nemo abin da zai kayar da manhaja, aka manta ba a gindaya mata iyaka ba, sai ta kawo jirgin da ke juyi irin wanda zai karya fiffike, ko jirage biyu da suka ɓullo cikin juna tun daga farko, ta ci maki cikakke da abin da ba zai taɓa faruwa ba. Rabin aikin injiniya a nan shi ne toshe irin waɗannan kafofin zamba. Bugu da ƙari, garke yakan taru a kan rauni na farko da ya gano ya yi ta haihuwar irinsa, ya bar wasu raunuka ba a taɓa ba, sai an tilasta masa bazuwa. Har ila yau dabarar ba ta faɗin yawan aukuwar abin da ta tono. Wannan sai an koma ga ƙididdigar zirga-zirga ta gaskiya. Kuma kamar yadda masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya yi gargaɗi tun wajen 1970, gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu.

Iyaka mafi girma dai ita ce kiwo ba ya fitar da abin da ba a sa cikin zaren gado ba. Da dare ran 1 ga watan Yuli na 2002, a sararin Überlingen a kudancin Jamus, jirgin fasinja na Rasha ƙirar Tupolev da jirgin kaya na DHL suna tafe a mataki ɗaya, ƙafa 36,000. Jami'i guda ne ke aiki a cibiyar Zurich, kuma saboda gyaran da ake yi a daren, alamar gargaɗin minti 2 ba ta fitowa a allonsa. TCAS ta ce wa jirgin DHL ya sauka, na Rasha ya hau. Jami'in, wanda bai san abin da na'urar ta faɗa ba, ya ce wa na Rasha ya sauka, matuƙan suka bi jami'in. Jirage biyu suka gangara tare suka haɗu, mutum 71 suka mutu, da yawansu yara 'yan makaranta. Manhajar ta ba da umarni daidai, sai dai sharuɗɗan da aka rubuta mata ba su bar ta ta juya umarnin ba sa'ad da jirgi ɗaya ya yi akasinsa. An gyara wannan a sigar TCAS ta 7.1, wadda Turai ta wajabta wa sababbin jirage daga 2012, tsofaffi kuma daga ƙarshen 2015. Mai gwajin da ya ɗauka cewa kowane matuƙi zai bi na'ura, ko ya kiwata jadawali miliyan, ba zai ga daren Überlingen ba. Sai ya ƙara lamba guda a zaren, mai faɗin ko matuƙi ya bi, ko ya yi jinkiri, ko ya saɓa.

Misali mafi kusa ya faru a Birtaniya ran 28 ga watan Agusta na 2023, kuma bai shafi tazara ko kaɗan ba. Wani jirgi mai zuwa Faris daga Los Angeles ya aiko da takardar hanyarsa, a cikinta akwai wurare biyu masu laƙabi ɗaya, DVL: ɗaya Devils Lake a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ɗaya Deauville a Faransa, da nisan kusan mil 4,000 na teku tsakaninsu. Manhajar hukumar NATS mai karanta takardun hanya tana neman inda jirgin zai fita daga sararin Birtaniya, sai ta kama DVL na Amurka, lissafi ya nuna jirgi zai fita tun bai shiga ba. Da ta kasa warware wannan, sai ta dakatar da kanta don kada ta miƙa wa jami'ai bayanin da ba ta amince da shi ba. Na'urar ko-ta-kwana ta karɓi aikin, ta karanta takarda ɗaya da manhaja ɗaya, ita ma ta tsaya. Duka cikin daƙiƙa 20. Ba jirgin da ya shiga hatsari, amma sai da aka koma shigar da takardu da hannu, kuma fasinjoji fiye da 700,000 abin ya shafa, ranar hutu ce kuwa, mutane na dawowa daga tafiya. Manhajar ta karanta takardun hanya sama da miliyan 15 tun 2018 ba ta taɓa haɗuwa da irin wannan ba.

Irin wannan haɗuwar sharuɗɗa da ba a cika gani ba ita ce dabarar zaɓen iri ta fi gwanintar tonowa, in da zaren gadon ya ƙunshi sunayen wurare da jerinsu, ma'aunin kuma yana ba da maki ga takardar da ta fi rikita manhaja. Zaren da ke ɗauke da lokutan tashi kawai ba zai taɓa haifar da DVL biyu ba. Cikin makonnin da suka biyo baya aka gyara manhajar yadda takarda irin wannan ba za ta sake tsayar da ita ba, kwamitin bincike mai zaman kansa kuma ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a watan Nuwamba na 2024.